Harshen Tafinta

Da asuba lafiya lau yake.
In sallame salla, in sha ruwa, ba komai.
Sai wajen ƙarfe goma, a cikin bas, ya fara
kamar na kurɓi shayi ban hura ba.
Kafin la'asar garwashi ne a bayan haƙora.
Kafin isha'i na haɗiye murhu.

Wata goma sha huɗu ke nan.

Ni tafinta ce a wani asibiti a Coventry.
Da harshe nake ci, da shi nake biyan haya.
In tsaya tsakanin likita da dattijon da ya zo daga Damagaram,
in kwashe ciwonsa daga Hausa in juye a Turanci,
ko ɗigo bai zuba ba.
Amma nawa ciwon, da aka ce in faɗa,
baki kawai na buɗe, na nuna da yatsa.

Likitan haƙori ya haska fitila, ya ce tas.
An ɗebi jini kwalba huɗu, tas.
Na bar lemon tsami, na sauya man goge baki sau uku,
na ɗauki kwalbar yajin da Inna ta aiko daga Gusau
na miƙa wa Halina maƙwabciyata,
ina kallo tana murna.

Ranar Talata Dakta Pemberton ta juyo da kujerarta.
Ta ce naman lafiyarsa ƙalau, jijiya ce ke shara ƙarya,
kamar ƙararrawar gobara mai ihu
a gidan da ko ashana ba a ƙyasta ba.
Ta rubuta ƙwaya ɗaya, 'yar mitsitsiya, kafin barci.

A ƙofar kantin magani na warware takardar cikin kwali.
Karatu sana'ata ce, na karanta:
maganin ciwon damuwa.

Na tsaya, ruwa na dukan lema.
Wato ba ta yarda da ni ba?
Wato a kaina abin yake?
Sau nawa na fassara wa wasu wannan kalma
da tattausar murya, ina cewa ba abin kunya ba ne,
ashe ban taɓa ɗanɗana ta ba.

Kwana tara kwalin na kwance a gindin jaka
ƙarƙashin rasit da makullai.
Juwairiyya ce ta tono shi tana neman cingam.
Ta juya shi, ta ce, Mama,
ƙwaya ba ta san sunan da aka raɗa mata ba,
inda jijiya take nan take zuwa.
Ta ɗan yi shiru.
Kuma ko da na damuwar ne, sai me?

Ban amsa ba. Na wanke kofin da yake a wanke.

Daren nan na sha.
Makon farko bakina ya bushe kamar na tauna alli,
barci ya sace ni a bas, na farka a Pool Meadow
direba na ƙwanƙwasa kujera.
Mako na uku, shiru, wutar na nan daram.
Na kusa jefa sauran a shara.

Mako na shida, wata Alhamis, ƙarfe biyu da kwata,
ina tsakiyar faɗa wa wata mai ciki cewa tagwaye ne,
sai na lura tun safe
ban tuna ina da harshe ba.

Ba ta mutu ba, kada in yi ƙarya.
Da daddare tana leƙowa,
toka mai ɗumi, ba garwashi ba.
Muna gaisawa.

Jiya na buga ƙofar Halina da cokali a hannu,
na ce ta sam mini kaɗan daga yajina.
Na dangwala da ɗan yatsa, na ɗora a harshe.
Ya yi zafi, har hawaye.
Zafi mai dalili.
Na tsaya a barandarta ina dariya,
ita kuma ta ruga ɗebo mini ruwa.